Jan Suna a Kan Bango

Jinju, ƙarshen damina

Baffa Sang-uk,

"Yaya Mi-ran, ki bar mini wannan. Ke dai ki kwafe sunayen, ni zan koya miki yadda kwamfuta za ta nemo kowa da kanta. Kafin taron kaka sai kin fi ni iyawa."

Maganarka ce, ba tawa ba. Ka faɗe ta ranar sabuwar shekara a tsakar gidan dangi, bakinka cike da wainar shinkafa, mahaifiyarka na tsaye tana jin ka. Na rubuto maka ita ne domin na ga alamar zafin Haiphong, birnin ƙasar wajen da kake aiki, ya narkar da ita daga kanka.

Bayan haka, ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da aiki, da baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar mijina da ke ƙara duk sanda hadari ya haɗo. Na ga mahaifiyarka a kasuwa, jikinta da kyau, tana ta nuna wa masu kifi hotonka sanye da hular ma'aikata. Tsoho Sang-do, shugaban dangi, ya rame tun rasuwar matarsa, amma muryarsa na nan yadda ka san ta.

Ina kiranka Baffa domin littafin dangi ya ce kai sa'an mahaifina ne a tsatso, ko da yake na goya ka, ka kuma taɓa jiƙa mini rigar makaranta. Ba na ja da littafi. Saboda littafin ma nake wannan wahalar.

Bari in tuna maka, tunda mantuwa ta zama sana'arka. Dattawa sun yanke cewa za a sake buga littafin dangin Tak, kuma a wannan karon za a rubuta 'ya'ya mata da sunayensu. A shafin farko, ƙarƙashin sunan Tsoho, za a sa sunan wadda ta tattara aikin. Mace ɗaya, suna ɗaya, kuma a taron kaka za a sanar, bayan an gama gaida kakanni. Tun ina yarinya nake buɗe tsohon littafin ina neman kaina, sai in tarar an rubuta "ɗiya" an wuce. Da na yi aure aka rubuta sunan mijina a gurbina, mutumin da ko hanyar kabarin kakana bai sani ba. Ina son wannan shafin, Baffa. Ban ɓoye wa kowa ba.

Tun bazara nake zaune da tsofaffin littattafan nan masu rubutun Sin, waɗanda ni kaɗai na rage a dangi mai karanta su ba tare da ƙamus ba, ina kwafe su cikin kwamfuta suna bayan suna. Na canja tabarau. Wuyana ya sage. Da na gaji da jiran darasinka, sai na shiga ajin koyon Excel, manhajar jera bayanai a kwamfuta, a cibiyar unguwa, ni da na shekara talatin ina tsaye gaban allo, yanzu ina ɗaga hannu in nemi izinin tambaya. Malamin ya koya mana abin da ake kira VLOOKUP: ka ba shi suna, ka nuna masa inda zai duba, ya kawo maka abin da ke gefen sunan. Ya ce kowa ya gwada da aikinsa. Na ba shi sunana. Ya amsa mini da #N/A. Malamin ya leƙo ya ce, "Malama, wannan yana nufin babu." Na ce masa na sani, littafin ya daɗe yana gaya mini haka, bai dai taɓa faɗa da irin wannan rashin kunyar ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya a gidan wanka na ji murya daga cikin tururi tana cewa, "Ai Baffa Sang-uk ne ke koya mini makro ta waya, duk Lahadi." Muryar Eun-sil ce, 'yar danginmu ta reshen Sacheon, matar likitan haƙori, wadda ba ta taɓa buɗe littafin dangi ba sai don ta danne furen da take busarwa.

Gaskiya ne? Amsa ɗaya nake so, kuma ba ta hoton ɗan kare mai sunkuyar da kai da kake turo mini a waya ba.

Mi-ran

*

Haiphong, bayan makonni

Yaya Mi-ran,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata ƙalau, sai ciwon ciki da na yi kwanaki, ya wuce. Ki gaida maigida, ki ce ya riƙa gasa gwiwar. Ki yi haƙuri da jinkiri, an kawo mana sababbin injuna, ba ma samun sukuni.

Yaya, ni fa ban karya alkawari da gangan ba. Ke ce kika rubuto mini a bazara: "Idan aiki ya yi maka yawa kada ka wahalar da kanka, zan lallaɓa." Saƙon yana nan a wayata. Na ɗauka kin samu mai koya miki, har na ji daɗi.

Ita Yaya Eun-sil ita ce ta kira ni. Ta ce dattawa na son a haska bishiyar dangi a bango da majigi ranar taro, ita kuma aka ba ɗawainiyar kayan haskawa. Ba wani darasi nake ba ta ba. Makro ai kamar ɗaukar murya ne: ka yi aiki sau ɗaya, kwamfuta ta haddace, duk sanda ka danna ta maimaita. Na haɗa mata ɗaya, na sa masa maɓalli. Yana jera kowa ƙarƙashin reshensa, ya nemo ranar haihuwa da ta rasuwa, waɗanda suka rasu ya mayar da sunayensu ja kamar yadda ake yi a tsohon littafi. Ita danna kawai take yi.

Game da #N/A ɗinki: VLOOKUP jerin farko na hagu kawai yake dubawa, don haka sunaye su kasance a can. Kuma ki sa sifili a ƙarshen fomular, in ba haka ba zai kawo miki wanda ya yi kama da wanda kike nema.

Kada ki sa abin a ranki. Ai duk aikin dangi ne, ko wa ya yi.

Ƙaninki,
Sang-uk

*

Jinju, bayan bikin girbi na Chuseok

Baffa,

Na ji daɗi da cikinka ya lafa. Mu ma lafiya. Kanya ta fara nuna, mahaifiyarka ta aiko mini da kwando guda, mace mai cika alkawari.

"Kada ka wahalar da kanka." Kai, Baffa! A wace ƙasa aka haife ka? Idan ka je gidan mutane aka yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi, sai a ɗauke kwanon? Wannan magana ana faɗinta ne domin wanda aka gaya wa ya ce, "Haba, wace wahala?" Kowane yaro a garin nan ya san haka. Kai da ke iya karanta abin da inji ke nufi, ka kasa karanta layi ɗaya na 'yar'uwarka. Ko kuwa ka karanta sarai, ka ga ƙofa a buɗe ka fice.

Bari in ba ka labarin abin da maɓallinka ya yi, tunda ba ka nan.

Kwamitin littafi ya zauna a gidan cin gasasshen kifi na bakin kogi. Na je da tsofaffin littattafai biyu a naɗe cikin ƙyalle, don in nuna wa dattawa wuraren da asu ya ci, da yadda na cike giɓin daga rubutun kaburbura. Ban kai ga kwance ƙullin ba Eun-sil ta shigo, da 'yan kunnen lu'ulu'u, da wata siririyar kwamfuta kamar faranti. Ta ture kwanukan kimchi, tsimammen kabejin nan, gefe, ta juya fuskar kwamfutar wajen Tsoho Sang-do.

"Baffa, ka ga wannan furen? Kalli abin da zai faru."

Fure, Baffa. Ka yi mata maɓalli ruwan hoda mai hoton fure. Ta sa farcenta mai jan lalle ta danna. Sunayen reshensu, wannan ɗan ƙaramin reshen na Sacheon, suka zubo suka jeru, matattu suka yi ja, masu rai suka tsaya baƙi. Sunayen da ni na kwafe. Har da na kakarta, wanda sai da na hau dutse na kankare gansakuka daga kan kabarinta kafin na karanta shi.

Tsoho ya ajiye tsinken cin abincinsa. "Sake dannawa, 'yata."

Ta sake.

Baffa Sang-cheol, mai kurman kunnen nan, ya buga tebur. "Ashe matar likita ma likita ce! Ku zuba mata giya!"

"Haba Baffa, ɗan abin da na koya ne," in ji ta, tana rufe baki da hannu kamar amarya.

"Ɗan abu? Mu da muka yi wata muna jera reshe ɗaya a kan tabarma, iska ta zo ta kwashe?"

Na ce, cikin ladabi, "Sunayen dai ba daga sama suka faɗo ba."

Tsoho ya waiwayo kamar ya tuna ya bar laima a mota. "Af, Mi-ran ma ta yi ƙoƙari. Ta yi kwafi."

Kwafi. Na koyar da waƙoƙin magabata har ɗalibaina suka zama malamai, ga ni yau an ba ni matsayin injin kwafi na ofishin gunduma. Sai Eun-sil ta dafa mini hannu, da wannan tausayin nata da ya fi mari zafi, ta ce, "Yaya, ki huta da idonki haka nan. Idan kin gama reshen Miryang ki turo mini, ni zan ƙarasa sauran." Dattawa suka ce haka za a yi. Na koma gida da littattafaina ban kwance su ba.

Kana so in ce ba na kishi? Ina yi, har ina jin ɗacinsa a harshe. Haka take tun muna yara. Ni zan haddace jawabin maraba, ita za a ba furen ta miƙa wa baƙo. Duba kowane hoton dangi: tana gaba a tsakiya, ni ina baya, rabin fuskata a bayan kafaɗar wani. Ban taɓa damuwa da gidanta ko motarta ba. Amma wannan abu ɗaya ne da na ce nawa ne, na kuma biya shi da idanuna, sai kai, ɗan'uwan da na goya, ka ƙera mata fure.

Duk da haka ban bar aji ba. Na sa sifilin da ka ce. Na ba shi sunan mahaifina, ya kawo mini ranar haihuwarsa daidai, sai da na tashi na zagaya ɗaki don daɗi, mijina ya ɗauka kunama ce. Na kuma ɗauki makrona na farko. Na yi kuskure a tsakiya, na goge, na gyara. Da na danna, sai ya yi kuskuren, ya goge, ya gyara, tiryan-tiryan. Na san irinsa. Na sha koyar da ɗalibin da ke kwafar amsar maƙwabcinsa har da sunan maƙwabcin.

Ba tausayinka nake nema ba. Darasin da ka yi alkawari nake nema.

Mi-ran

*

Haiphong

Yaya Mi-ran,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ruwa dai ake ta yi mana. Wasiƙarki ta sa na kasa cin abincin rana. Ban san abin ya kai haka ba, ki yafe mini.

Na gane abin da ya ɓata miki rai. Ga fayil ɗin nan na haɗo miki, irin na Yaya Eun-sil sak, amma na yi miki naki maɓallin. Shuɗi ne, na rubuta sunanki a kai da manyan baƙaƙe. Ya fi nata girma ma. Ki zuba sunaye a shafin farko ki danna, shi ke nan.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ki buɗe cikinsa. Rubutun da ke ciki na masu sana'ar ne, zai rikita ki a banza, kuma idan harafi ɗaya ya goge komai zai tsaya. Idan na dawo hutun sanyi zan zauna da ke mu bi shi a hankali.

Maganar shafin farko kuwa, wannan ta dattawa ce, ni yaro ne a wurin. Ki gaida maigida.

Sang-uk

*

Jinju, farkon sanyi

Baffa,

Lafiya lau muke. An fara jiƙa kabeji da gishiri a unguwa, hannuwana duk sun tsage.

Na ce maka ina jin yunwa, ka aiko mini da hoton tuwo. Shuɗin maɓalli! Ka ɗauka launi muke faɗa a kai, kamar 'yan mata biyu da ƙyallen ɗaure gashi ɗaya? Hutun sanyi kuma bayan taro ne, kai ma ka sani.

Na buɗe cikinsa. Wanda ya karanta rubutun da asu ya cinye rabinsa ba zai ji tsoron naka ba. Na buga shi a takarda, na kai aji, ni da malamin muka bi shi layi layi, ina rubuta fassara a gefe kamar yadda nake yi wa tsohuwar waƙa. Ba shi da daɗin karatu, amma ba shi da wuya. Yana maimaita kansa da yawa, kamar mai shi.

Shekaranjiya da safe na gama reshen Miryang. Su ne babban ɗaki, don haka su ke hawa sama, sauran rassa su biyo baya. Na zuba su, na haɗa dangi gaba ɗaya a karon farko, na danna sunana. Ya yi kyau, ba zan hana ka wannan ba. Na bi bishiyar a hankali ina gaida mutanen da na sani. Na iso reshenmu. Na iso kan shugaban dangi.

Tak Sang-do. Ja. Da ranar rasuwa a gefensa, shekarar da aka yi babbar ambaliya.

Na tashi na wanke fuska na dawo. Yana nan ja. Mutumin da na gani da idona ranar kasuwa yana faɗa da mai sayar da tafarnuwa.

Ka san dalili? Ni na sani, ni mai kwafi. VLOOKUP ɗinka daga sama yake farawa, kuma wanda ya fara cin karo da shi, shi ne nasa. Ba ya tambayar ɗan wane ne. A wani dangin wataƙila hakan ya wadatar. Amma mu kowane tsatso da gaɓar sunansa: duk sa'anninka Sang ne, daga Miryang har Sacheon, kuma gaɓa ta biyu ba ta da yawan da za ta ishi kowa. Akwai wani Sang-do a Miryang, ruwa ya tafi da shi tun kafin a haife ka. Shi ke sama. A gidan kifi abin bai fito ba domin reshe ɗaya kawai aka danna.

Yanzu ka zana hoton a ranka. Dangi sun cika zaure, an kashe fitila, an kunna majigi. Dattijon da bai gama makokin matarsa ba yana zaune a gaba da rigar taro. Eun-sil ta danna furenta. Sunansa ya fito a bango, girman ƙofa, ja wur. Mutumin da ya taɓa fasa wa ɗan aike alƙalami don ya miƙa masa ja ya sa hannu.

Ina jiran ka.

Mi-ran

*

Haiphong

Yaya,

Yanzu na ga wasiƙarki, mun yi kwanaki da masu bincike a masana'anta, ba a barin mu da waya. Ina lafiya.

Don girman kakanni ki taimake ni. Hanyar gyara ita ce a haɗa sunan mutum da na mahaifinsa a nema da su tare, amma ni ba ni da jerin iyaye, yana wurinki, kuma ban san su wa da wa suka yi karo ba. Ke kaɗai za ki iya. Ki gyara ki tura wa Yaya Eun-sil a hankali, ki ce sabon fayil ne daga gare ni. Ba sai kowa ya ji ba. Kin san zuciyar Tsoho, kin kuma san idan maganar ta fita ni da Yaya Eun-sil ba mu da fuskar shiga zauren nan har abada.

Na san ke mai haƙuri ce. Ki yi wa dangi.

Sang-uk

*

Jinju

Baffa,

Lafiyarmu ƙalau. Gwiwar mijina ta yi sauƙi. Tsoho ya yi ɗan tari, ya warke, ya sa an wanke masa rigar taro. Mahaifiyarka ta ɗinka sabuwar riga, ta ce a layin gaba za ta zauna don ta ga aikin ɗanta da kyau.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa don in tabbata ba idona ne ke ruɗa ni ba. In gyara. In tura wa Eun-sil. In ce daga gare ka ne. Wato in dafa, in zuba a kwanonta, in ce kai ka aiko, sannan in koma baya in tsaya inda rabin fuskata zai fito a hoto. Kuma "na san ke mai haƙuri ce". Wa ya gaya maka? Wannan ma wani layin ne ka karanta a karkace.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Na yini guda ina yankan kabeji ina kallon abin a raina: furen, bangon, fuskar Eun-sil lokacin da zauren zai yi tsit. Na ji daɗinsa ƙwarai. Sai dai duk sanda na kai ƙarshen hoton, Tsoho nake gani, ba ita ba. Ya kira ni mai kwafi, amma shi ne ya riƙe hannun mahaifina a asibiti. Ba zan sayi shafin farko da numfashinsa ba.

Ga abin da na yi. Hanyar da ka faɗa na riga ka isa gare ta, tun kafin masu bincikenka su sake ka. Na buɗe sabon jeri, na ɗaure sunan kowa da na mahaifinsa, na sa nema ya bi ta nan. Ya ƙi, ya ba ni #N/A har na fara jin sunana ke nan, na gano wani gurbi da ya ɓuya a ƙarshen sunaye, na share, ya yarda. Na ɗauki makrona da kaina, ba kuskure a ciki. Ba shi da fure. Na ba shi sunana haɗe da na mahaifina, ya kawo ni, a baƙi, ƙarƙashin mahaifina, kusa da 'yan'uwana maza. Wannan fayil ɗin nawa ne, yana kwamfutata, ba ya zuwa gidan kowa.

Ita kuma Eun-sil na tura mata reshen Miryang kamar yadda dattawa suka umarta. Amma kafin in tura, duk marigayin da sunansa ya yi karo da na mai rai, na ɗiga masa ɗan ɗigo a ƙarshen suna, don injinka ya wuce shi bai gane shi ba. Ta zuba, ta danna, ta kira ni tana cewa, "Yaya, kin ga kyau kuwa? Kamar bargon biki!" Ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Ko me ya faru, Tsoho zai ga sunansa baƙi. Da shi da duk sauran.

Ban da mutum ɗaya.

Ka taɓa tambayar kanka Sang-uk nawa ne a dangin Tak? Akwai ɗaya a Miryang. Ya tafi yaƙi yana saurayi, bai dawo ba. Yana sama da kai, Baffa. Shi ban ɗiga masa komai ba, don haka sunanka ne zai fito ja a bango.

Na san abin da ya faɗo maka yanzu: ka kira Eun-sil ka ce ta sa ɗigon. Kira ta mana. Sai dai za ta tambaye ka dalili, kuma abin da Eun-sil ta ji da safe, gidan wanka ya ji kafin azahar. Ko ta sa ma, fayil ɗin da ka aiko mini da hannunka yana nan yadda yake, da shuɗin maɓallinsa.

Abin da nake so ba shi da yawa. Ka rubuta wa Tsoho Sang-do wasiƙa, a takarda, da hannunka, irin wadda yake girmamawa. Ka gaya masa wa ya kwafe sunayen, wa ya ƙera maɓallin, wa ya danna kawai, wa kuma ya gano abin da maɓallin zai yi wa masu rai. Ba sai ka ce sunansa na ciki ba. Kada ka yabe ni, kada ka roƙa mini komai. Ka jera gaskiya kowa ƙarƙashin aikinsa, dattawa su zaɓi sunan da za su sa. Idan bayan sun ji duka suka zaɓi Eun-sil, zan tafa mata, ko da haƙorana na cizon juna.

Taro ranar sha biyar ga watan goma ne a lissafin wata. Na ba ka zuwa ɗaya ga watan. A ranar zan kai wa Tsoho kanya busasshiya, in tambaye shi ko ya samu saƙo daga Haiphong.

Idan ya ce a'a, daga gidansa gidanku zan wuce da kwamfutata. Zan zauna da mahaifiyarka, in sha shayinta, in tabbatar mata ɗanta lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, cikinsa ma ya daina ciwo. Sannan in buɗe fayil ɗinka, in nuna mata layinka, in juya mata kwamfutar. Ita ce ta ji alkawarin da kunnenta ranar sabuwar shekara. Ita za ta danna.

'Yarka a littafi, yayarka a shekaru,
Tak Mi-ran